Ku Bar Mujallar a Kan Tebur

Shekarar da aka ce za a yanke odar mujallu, ni ne mai kula da ɗakinsu a laburaren wata kwaleji da ke kan hanyar Tiga. Dogon ɗaki ne mai tagogi ta gabas, kantoci a jikin bango, teburan katako a tsakiya. A cikinsa gemuna ya yi fari. Ɗalibai ba mai kiran sunana, Baba kawai suke cewa, har sababbin malamai ma sun ɗauka. Mujallun na masana ne, waɗanda ake bugawa a ƙasashen waje kan noma da kiwo da ruwa da koyarwa. Ta gidan waya suke zuwa cikin ambulan mai ruwan ƙasa, wasu wata-wata, wasu jefi-jefi. Ba a ba da aronsu. A nan za ka zauna ka karanta, ka kwafi abin da za ka kwafa da hannunka, ka tashi.

Da Naira ta faɗi, duk abin da ake sayowa daga waje sai da aka zauna a kansa. Wata safiya shugaban laburare ya aiko a kira ni. Mutumin Tudun Wada ne, na girme shi nesa ba kusa ba, kuma har ga Allah mutumin kirki ne. In na shiga ofishinsa miƙewa yake yi. Ran nan ma ya miƙe, amma bai iya haɗa ido da ni ba.

"Baba, zauna. Maganar ba daɗi."

Ya ce hukumar kwaleji ba za ta iya ci gaba da biyan duk mujallun ba. Ga kuma wata ƙungiya ta waje ta yi alkawarin ba mu kwamfuta da faifai masu ɗauke da bayanan mujallu bila adadin, amma kuɗin sabunta faifan duk shekara daga kason ɗakina za a cire. Don haka an kafa kwamiti. Za a yi zangon karatu guda ana lura: mujallar da aka tabbatar ana karantawa za ta tsira, wadda ba a taɓawa a soke ta.

Na ce, "To ai da sauƙi. Duk ana karantawa. Ka leƙo da hantsi ka gani, wurin zama ma gagara yake."

"Na sani, Baba. Amma kwamiti cewa za su yi fanka ce ta tara mutane. Lamba suke so, kowace mujalla da tata."

Ya bayyana min yadda ake yi a manyan laburarori. Za a kafa sanarwa cewa duk wanda ya gama karatu kada ya mayar da mujalla kanta, ya bar ta a kan tebur. Lokacin tashi akawun kwamiti zai zo ya rubuta waɗanda ya tarar a kan teburan, sannan ni in mayar. Sharaɗi ɗaya ne, kada ɗalibai su san dalili.

"In suka sani za su kwaso kanta gaba ɗaya su zube don su taimake ka, ƙidayar ta lalace. Kwamiti sun ce in maganar ta fita za su soke ƙidayar su yanke yadda suka ga dama. Amana ce na ba ka, Baba."

Na ce na karɓa. Na fito ina ma ɗan murmushi, don a ganina wannan jarrabawa ce da na riga na ci.

Na samo kwali na rubuta sanarwar da manyan baƙaƙe, Turanci a sama Hausa a ƙasa, na manna a ƙofa da jikin kowane ginshiƙi. Ran farko ɗaki ya cika kamar kullum, ba ka jin komai sai ƙarar fanka da buɗe shafi. Na duƙufa kan sababbin ambulan da suka iso ina buga musu hatimi. Da akawu ya shigo da yamma da bironsa a bayan kunne, na ɗaga kai don in nuna masa aikin da ke gabansa. Teburan nan fes. Guda biyu ko uku kawai ya samu a can kusurwar da malamai ke zama.

Washegari na ajiye hatimi na zuba ido. Wata ɗaliba 'yar garin Ƙofa ta gama karatu, ta rufe mujallar, ta dubi sanarwa, ta dube ni, ta miƙe ta kai ta kanta, har tana daidaita ta da 'yan uwanta.

"'Yata, ba ki ga takardar ba?"

"Na gani, Baba."

"To?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Haba Baba. Ni in karanta, kai ka ɗauke? Ai ba a yi min wannan tarbiyyar ba."

A nan gabana ya fara faɗuwa. Yaran nan daga gidajen manoma da rugage suka fito, daga Kiru da Doguwa da ƙauyukan bakin dam. A gidajensu wanda ya ari fartanya yakan goge ta ya jingine a inda ya ɗauka. Wanda ya ci abinci ba ya tashi ya bar wa mahaifinsa kwano. Abin da aka dasa musu ke nan tun suna rarrafe, ni kuma na zo da kwali ina so su zubar a rana ɗaya, a gaban mai farin gemu, ba tare da na faɗi dalili ba.

Na koma tsayawa a bakin ƙofa ina gaya wa kowa baki da baki. Kowa ya ce, "To, Baba." Wannan "to" ɗin ta kusa kashe ni. Ba musu, ba gardama, amma da na juya baya sai in ji motsin takarda a kanta. Waɗansu sun ɗauka gwada su nake yi in ga mai ladabi. Waɗansu sun ɗauka hukuma ce ta ƙara min aiki don ta wulaƙanta ni, suka ƙudura ba da su za a yi ba. Masu bin sanarwar tsakani da Allah su ne 'yan malaman nan da ko a gidajensu ba sa mayar da komai mazauninsa, su kuma abin da suka fi ɗauka wata mujalla ce mai tallan guraben aiki na ƙasashen waje a shafukanta na baya. Kullum akawu zai rubuta ta. Na fara ganin ranar da za a bar min ita kaɗai a ɗaki.

Cikin masu zuwa kullum akwai wani Bafulatani, malamin firamare daga wata ruga a yankin Ɗansoshiya, ya zo ƙarin karatu. Magidanci ne, siriri, ba ya son magana. Baffa yake ce min. Kundinsa na kammala karatu a kan ciwon hanta yake rubutawa, wanda ke kama shanun da ke kiwo a bakin ruwa, kuma ba don maki kaɗai ya zaɓe shi ba. Tun da garken mahaifinsa ya fara sauka gefen dam da rani, shanu ke ramewa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, in an yanka a tarar da hanta ta lalace. Akwai wata mujallar likitocin dabbobi mai koren bango da ta buga kashi na farko na wani bincike a kan wannan ciwo a wata ƙasa mai dam irin namu. A ƙarshen maƙalar an ce kashi na biyu, mai bayanin abin da suka gwada ya yi aiki, zai fito a bugun farko na shekara mai zuwa. Shi yake jira. Ya karanta kashi na farkon nan har gefen shafukan ya yi laushi.

Shi ne kuma ya fi kowa ɓata min lissafi. Bai tsaya kan mayar da tasa ba. In zai fita ya ga wani ya bar mujalla a tebur, sai ya haɗa da ita.

Wata rana na tare shi. "Malam, don Allah don Annabi ka bar ta nan."

"Baffa, a ruga ko ƙwaryar da na sha nono ba na barin babba ya ɗauke."

"Nan ba ruga ba ce. In na ce umarni ne fa?"

Ya ajiye ta a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya fita. Na ce alhamdu lillahi, yau dai koriyar nan za ta shiga takarda. Na zaga na kama ruwa na dawo, na tarar da ita a kanta. Ashe a baranda ya tsaya yana jiran in tashi.

Na ji kamar in kamo shi in girgiza in ce, kai bawan Allah, da hannunka kake yanke abin da kake jira. Maganar ta zo har bakina. Na tuna na ce na karɓi amana, na kuma tuna in ta fita duka za a soke. Na haɗiye.

Sai na ƙirƙiro dabara, na kai wa shugaba, ya ce a gwada ko za ta zama ƙarin hujja. Na karya tsinken tsintsiya gajere-gajere, na saƙala ɗaya a cikin kowace mujalla ta yadda da an buɗe zai faɗo. Wadda aka tarar ba tsinke da yamma, an karanta ta ke nan, ko a tebur take ko a kanta. Na yi ta jin daɗin kaina. Da yamma muka bi kantoci ni da akawu, kowace mujalla da tsinkenta. Kashegari na ga yadda ake yi. Wani ɗalibi ya buɗe, tsinke ya faɗi, ya sunkuya ya tsince shi, ya hure, ya riƙe a hannu har ya gama karatunsa, sannan ya mayar. Na tambaye shi, ya ce, "Wani ne ya sa alamar inda ya tsaya, Baba. Kada in ɓatar masa."

Akawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba.

Zango ya raba tsakiya, takardar akawu kusan fara. Na daina cinye tuwona. Maiɗakina ta tambaya ko ciwo ne, na ce aiki ne, ta ce aikin da ba ɗaukar kaya ba ne yake ramar da mutum haka? Ban san yadda zan gaya mata cewa ladabin 'ya'yan mutane ne yake neman rushe min ɗaki ba. A kan keke in zan koma Bebeji sai in tsinci kaina ina jero sunayen mujallun, ina tuna wadda ta fara zuwa shekarar da aka haifi babbar 'yata, da wadda na yi ta rubuta wasiƙu kafin a aiko bugun da ya ɓace a hanya. Ba a taɓa samun giɓi a jerinsu ba tun da na karɓi ɗakin. Wannan kaɗai nake da shi da zan nuna in an tambaye ni me na yi da rayuwata. Na yi tunanin in riƙa zubawa a tebur da kaina kafin akawu ya zo, amma kullum sai ya tambaye ni, "Baba, duk masu karatu ne suka bari?" Na san ba zan iya kallon idonsa in ce e ba.

Na ɗebo wasu mujallu na koma wurin shugaba. Na buɗe masa shafukan da suka yi duhu saboda yatsu, da inda wani ya ja layi da fensir ya goge, da tabon man ƙuli-ƙuli.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Baba, ni ma in na shiga ɗakinka mayarwa nake yi."

"To ka gaya musu mana."

"Na gaya musu. Suka ce kowane mai sashe yana da labarin da zai bayar, kuma tabo ba ya faɗin shekarar da aka yi shi."

"A sa akawu ya wuni a ɗakin, ya ga abin da ake ɗauka."

"Na nema. Sun ce ba su da mutumin da za su ajiye wuni guda yana kallon masu karatu."

Na ce masa to shi ke nan a kashe ni kawai. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Bai yi fushi ba, ya ce zai sake gwadawa. Bayan kwanaki ya zo da kansa ya same ni, ya ce ya samo abu ɗaya. Ranar ƙarshe ta zango 'yan kwamiti za su zo da ƙafarsu bayan la'asar. In suka ga teburan cike da idonsu, za su yarda ƙidayar baya ba ta nuna gaskiya ba, a sake lale. In suka ga abin da akawu ya saba gani, an gama.

"Rana ɗaya ce, Baba. Ka san yadda za ka yi da su, amma ban da faɗin dalili."

Ranar ta zo. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, ɗalibai suka cika ɗaki saboda masu kundi duk suna kan gaɓar miƙawa. Na bari kowa ya zauna, na rufe ƙofa, na tsaya a gabansu. Ban taɓa ɗaga murya a ɗakin nan ba, ni da ke hana tari mai ƙarfi. Ran nan na ɗaga.

"Ku saurare ni. Na roƙe ku, na lallashe ku, kun mai da ni mahaukaci. Yau duk wanda ya karanta mujalla ya mayar da ita kanta, ban yafe ba. Duniya da lahira ban yafe ba."

'Yar Ƙofar nan ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Bafulatanin ya kafa idonsa a ƙasa. Na koma kujerata ina jin nauyin abin da na faɗa, don ba magana ce da babba ke yi wa 'ya'yan mutane a kan takarda ba.

Amma ta yi aiki. Wanda ya gama sai ya ajiye, ya ja hannunsa kamar ta ƙona shi, ya fita yana waiwaye. Kafin azahar teburan sun fara cika. Kafin la'asar ba ka ganin katako. Ta noman rani, ta kifi, ta koyar da lissafi, ta ƙasa da taki, duk ga su nan birjik, wasu a buɗe wasu a kife, koriyar nan a tsakiya. Ban taɓa ganin ɗakina a hargitse haka ba, ban kuma taɓa ganinsa ya yi min kyau haka ba. Na tsaya ina kallo hawaye suna neman zubo min.

Aka kira la'asar. Ba a kulle ɗakin lokacin salla, saboda mata da masu jiran sahu na biyu sukan ci gaba da karatu. Na ja ƙofa na tafi masallaci da sauƙin zuciyar da na manta rabona da ita. A can na haɗu da 'yan kwamiti tare da shugaban laburare da akawu. Da aka idar muka gaisa, shugaban kwamitin ya tsaya amsa gaisuwar mutane, aka ɗan jima, sannan muka taho tare, ina gaba suna biye. Daga nesa na hango ɗalibai sun jeru a baranda. Suna ganinmu suka rusuna suna gaisuwa, fuskokinsu cike da fara'a. Ban kawo komai a raina ba. Na tura ƙofa na matsa gefe don manya su shiga.

An share ɗakin. An goge teburan, an tura kowace kujera mazauninta. Kantoci a cike, kowace mujalla a jerinta, gefunansu daidai kamar an ja zare. Har sanarwata da ta karkace a jikin ginshiƙi an miƙar da ita.

Shugaban kwamiti ya zaga ido ya ce, "Ma sha Allah. Ɗaki tsaf, kamar ba a taɓa shiga ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzun nan, kafin salla, teburan nan..." Na ce a kira yaran, ga su nan a waje, a tambaye su.

"Malam," ya ce da ni a hankali, ba da wulaƙanci ba, "yaran da ke ce maka Baba, me za ka faɗa su ce a'a?"

Na dubi shugaban laburare. Yana kallon siminti. Akawu ya ciro biro daga bayan kunne, ya duba teburan, ya mayar da shi.

Da suka tafi na zauna a kujerar ɗalibai. Bafulatanin ya shigo, sauran suna leƙe ta taga. Ya durƙusa a gefena.

"Baffa, direbansu ne ya ce mana manya za su zo duba ɗakinka. Sai muka gane abin da ya tayar maka da hankali tun safe. Yara suka ce suna tsoron bakinka. Na ce musu su kwashe, ni zan ɗauki laifin. Gara ka yi fushi da ni da a ce baƙi sun shigo sun ga ɗakinka kamar kasuwa ta watse, su raina ka." Ya ɗago kai. "Mun fitar da kai kunya ko, Baffa?"

Na dube shi, na dubi fuskokin da ke taga suna jiran in yi murmushi. Na ce, "Na yafe. Allah ya yi muku albarka." Suka amsa da amin, suka watse suna murna.

Takardar hukunci ta fito lokacin hutu. 'Yan kaɗan aka bari, har da mai tallan guraben aiki. Koriyar tana cikin waɗanda aka soke. Aka ce ɗakin ya yi wa abin da ya rage yawa, aka gitta katako aka raba shi. Tsofaffin mujallun na ɗaure su dami-dami da igiyar rama na kai sito da hannuna, ban yarda kowa ya taya ni ba.

Rabin ɗakin aka shimfiɗa wa kafet aka ajiye kwamfuta, aka kuma ce ni zan kula da ita. Aka tura ni Kano na koyi kunnawa da kashewa da sa faifai da neman abu. Na koya, ba don ina so ba. Maiɗakina ta ɗinka mata mayafi. Ɗalibai sukan tuɓe takalma a bakin ƙofa saboda kafet, su shigo su tsaya hannu a baya, sai na ce su zauna. Wutar lantarki takan zo ta ɗauke yadda ta ga dama, janareta kuma sai an sa hannu a ofisoshi kafin a tayar, don haka rabin aikina jira ne. Faifai sabo in ya iso sai a mayar da tsoho, ba a bar mana komai da za mu jera a kanta. Amma na'urar tana da abin da kwamiti ke so, ita take ƙidaya kanta. Duk wanda ya nemi abu ta rubuta. Ba ruwanta da mai ladabi ko mara ladabi. Ƙarshen wata in buga takarda in kai, lambobi reras, kowa ya ce an ci gaba.

Abin da ba a faɗa da ƙarfi ba shi ne faifan ba maƙaloli ne a ciki ba. Sunan maƙala ne, da sunan mai ita, da mujallar da ta fito, da 'yan layuka na taƙaitawa. In kana son sauran sai ka nemi mujallar.

Bayan sabuwar shekara ta kama, Bafulatanin ya dawo. Ya ƙara ramewa. Muka gaisa, na tambayi mutanen ruga, ya ce lafiya, sai dai shanu, an sake yanka wasu kafin su mutu a banza. Sannan ya dubi katakon da ya raba ɗakin.

"Baffa, sabon bugun ya iso?"

"An daina kawo ta, Malam."

"An daina?"

"Kuɗi," na ce. Zuwa lokacin ba wanda zai hana ni faɗa masa sauran. Ban faɗa ba, kuma har ya gama karatunsa ya tafi ban faɗa wa ko ɗayansu ba.

Na ce ya zauna mu jira wuta. Muka jira har rana ta take, sannan fanka ta motsa. Na yaye mayafin, na kunna, na sa sabon faifai, na buga sunan ciwon da yatsa ɗaya. Sai ga shi ya fito, kashi na biyu, a mujalla mai koren bango, bugun farko na shekara. Ya matso da kujera har hancinsa yana kusan taɓa gilashi. Layukan suka ce an gwada hanyoyi daban-daban na ba da magani da sauya lokacin sauka bakin ruwa, ɗaya ta rage mutuwar shanu ƙwarai, an kuma yi cikakken bayaninta a cikin maƙalar.

"Wacce ce daga ciki, Baffa? Danna mu ga gaba."

"Ba gaba. Iyakarsa ke nan."

Ya sake karantawa. Ya ciro takarda ya kwafe 'yan layukan nan kalma-kalma. Na'urar kuwa ta riga ta ƙara ɗaya a lissafinta na masu amfana.

Da zai tafi ya ce ko zan bar shi ya sake duba kashi na farko, ko akwai abin da ya tsallake. Na ɗauki mabuɗi muka tafi sito. Na nemo damin, na kwance igiya, na zaro masa. A tsaye ya karanta, a hasken ƙofa, har zuwa layin ƙarshe mai alkawarin kashi na biyu. Ya rufe, ya shafa bangon da tafin hannu.

"Da sun san yadda muke karanta ta, Baffa, da ba su daina ba."

Na ce, "Da sun sani."

Ya sunkuya ya nemi gurbinta a cikin damin, ya zura ta tsakanin wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta, ya daidaita gefunan, ya jawo igiyar. Na buɗe baki zan ce ya bar ta nan zan mayar, sai na ga ba sauran amfani. Na tsaya na bar shi ya ɗaure.